'Yan Sandan Soja a Majigi: Daga Gefen Hoto Zuwa Abu Guraib

Mai karatu, in dai kai ma'abocin kallon finafinan yaƙi na Amurka ne, to ka san wannan fitowar ko da ba ka taɓa kula da ita ba. Sojoji sun samu hutu, sun shiga gari, sun cika mashaya. Can sai gardama ta kaure, kujeru su fara tashi sama, kwalabe na fashewa. Ana cikin haka sai ka ji usur, wata 'yar jif ta ci birki a ƙofa, ƙarti biyu ko uku su diro da farar hular kwano da kulki a hannu, a damtsensu an ɗaura baƙin ƙyalle mai haruffa biyu, MP. Jarumi ya tsere ta taga, su kuma su tasa ƙeyar sauran. Shi ke nan aikinsu ya ƙare. Ba a faɗin sunansu, ba a nuna gidansu, in an zo jera sunayen 'yan wasa a ƙarshen fim ma sai can ƙasa-ƙasa za ka gan su.

Waɗannan su ne 'yan sandan soja, wato sojan da aka ɗora wa kama soja. Mu ma muna da namu masu jar hula, har makarantarsu tana nan a Basawa, Zariya. Amma yau maganarmu a kan na Amurka ne, da ɗan abin da ya shafi na Ingila, musamman waɗanda ake turawa ƙasashen waje a lokacin yaƙi ko mamaya, domin su ne majigi da littafi da jarida suka fi yawo da hotonsu a duniya.

A ranar 26 ga Satumba, 1941 ne Amurka ta kafa rundunar 'yan sandan soja ta dindindin, wata biyu da 'yan kwanaki kafin ta faɗa Yaƙin Duniya na Biyu. Da suka isa Ingila, mutanen can suka raɗa masu sunan wani farin fure saboda farar hularsu da fararen safar hannu. Raba faɗan mashaya kuwa shi ne mafi ƙanƙantar aikinsu. Babban aikin shi ne hanya: dubban motoci da tankoki su wuce ba tare da sun cushe ba, a tsare gada, a tsare fursunonin yaƙi, a nemo sojan da ya gudu. A watan Maris na 1945, lokacin da sojojin Amurka suka kama gadar Remagen a kan kogin Rhine cikin Jamus, 'yan sandan soja ne suka tsaya a kanta suna ba motoci hannu alhali Jamusawa na yi mata ruwan wuta, kafin gadar ta rufta ranar 17 ga watan. An yi fim a kan gadar a 1969, The Bridge at Remagen, amma labarin waɗanda suka kama ta da waɗanda suka kasa fasa ta aka bayar. Mai ba da hannu ba ya sayar da tikitin sinima.

Ko ka tuna The Dirty Dozen na 1967? Kowa ya san Lee Marvin da fursunoninsa goma sha biyu. To akwai wani Saje Bowren, ɗan sandan sojan da ke gadinsu, wanda ya bi su har fagen daga, kuma yana cikin mutum ukun da suka tsira da rai. Ka tambayi mutum goma da suka kalli fim ɗin, da ƙyar ɗaya zai tuna da shi.

Akwai kuma abin da Hollywood ta daɗe tana kauce wa da gangan. A wancan zamani sojan Amurka a rarrabe yake, baƙi daban farare daban, kuma sau da yawa fararen 'yan sandan soja ne ke tilasta wannan wariya har a ƙasar da ba ta da irin dokar. A daren 24 ga Yuni, 1943, a ƙauyen Bamber Bridge da ke arewacin Ingila, wasu daga cikinsu suka yi yunƙurin kama wani baƙar fatar soja a mashaya kan wai bai sa kayan da ya dace ba. Turawan ƙauyen suka goyi bayan baƙaƙen. Kafin gari ya waye an yi harbe-harbe, an kashe wani baƙin soja mai suna William Crossland, daga baya kotun soja ta ɗaure baƙaƙe 32. Sai a 2022 wani fim na Ingila, The Railway Children Return, ya ɗauko irin wannan rikici ya sa a tsakiyar labarinsa. Kusan shekara tamanin ke nan.

Mutum huɗu a jif guda

Karo na farko da ɗan sandan soja ya matso tsakiyar hoto shi ne bayan yaƙin, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Daga 1945 zuwa 1955 ƙasashe huɗu ne suka raba birnin: Amurka, Ingila, Faransa da Tarayyar Sobiyet. Tsakiyar gari kuwa na kowa ne, ana karɓa-karɓar shugabancinsa wata-wata. Sai aka ƙirƙiro wani sintiri mai ban mamaki, inda ake zuba ɗan sandan soja ɗaya daga kowace ƙasa a mota guda, mutum huɗu da ba sa jin yaren juna sosai, kuma shugabanninsu sun riga sun fara zaman doya da manja.

Wane marubuci ne zai ga wannan ya ƙyale? Graham Greene ya rubuta The Third Man, Carol Reed ya ba da umarni, ya fito a 1949. Yawancin masu kallo Orson Welles suke tunawa, wato Harry Lime, mugun da ke satar allurar fenisilin ya tsarma ta ya sayar, yara su mutu ko su nakasa. Amma in ka sake kallo ka lura da Manjo Calloway, ɗan sandan sojan Ingila da Trevor Howard ya fito a matsayinsa. Ba shi da fara'a, ba ya neman kowa ya so shi. Shi ne ya ja jarumin zuwa asibitin yara ya ce ya buɗe ido ya ga aikin abokinsa. A ganina a nan aka haifi ɗan sandan soja irin na fim: mutum mai sanyin rai da ya san gaskiya tun farko, wanda babu mai gode masa. Bayan shekara biyu, a 1951, wani fim na ƙasar Suwizalan mai suna Four in a Jeep ya ɗauki sintirin kansa ya mayar da shi labari. Wata mata ce mijinta ya tsere daga hannun Rashawa, sai 'yan sintirin suka rabu tsakanin bin umarni da tausayi. Fim ɗin yana cikin waɗanda suka ci babbar kyauta a bikin finafinai na Balin na farko a wannan shekarar.

Daga nan sai masu fim da marubuta suka gano dabara. Tunda ba da hannu a titi ba ya jan 'yan kallo, bari a mayar da mutumin jami'in bincike, a ba shi gawa da asiri da wani babban hafsa mai son a rufe magana. A Ingila an yi wasan talbijin Red Cap daga 1964 zuwa 1966 da John Thaw, aka sake sabunta shi a farkon shekarun 2000 da mace a gaba. A Amurka, 1988 kaɗai ta ba mu biyu: The Presidio na Sean Connery, da Off Limits, inda Willem Dafoe da Gregory Hines ke farautar mai kashe karuwai a Saigon ta 1968. Sai The General's Daughter na John Travolta a 1999, wanda aka ɗauko daga littafin Nelson DeMille.

Tsaya kaɗan a kan Saigon ta 1968 ɗin nan, domin abin da ya faru a zahiri ya fi na fim ɗin nauyi. Da asubahin 31 ga Janairu, lokacin bikin sabuwar shekarar Biyetnam, mayaƙan Biyetkon 19 suka fasa katangar ofishin jakadancin Amurka. 'Yan sandan soja biyu da ke ƙofa su aka fara kashewa. Da yake babu manyan rundunonin yaƙin Amurka a cikin birnin, Bataliya ta 716 ta 'yan sandan soja ce ta tare harin a wurare da dama, da ƙananan bindigogi da motocin da ba su da sulke, ta rasa mutum 27. 'Yan jarida na kwana kusa da ofishin, saboda haka hotunan suka isa gidajen Amurkawa cikin sauri, suka girgiza masu jin ana cewa an kusa cin yaƙi. Ka ga a nan an ga 'yan sandan soja ƙuru-ƙuru a talbijin, amma abin da ya zauna a zukata shi ne ofishin jakadanci da gawarwakin da ke kan ciyawa.

Ƙarshen wannan layi shi ne Jack Reacher, wanda masu karatun littattafan Turanci suka sani. Marubucin, Lee Child, Bature ne ɗan Ingila da ya rasa aikinsa a gidan talbijin na Granada a 1995, ya zauna ya rubuta Killing Floor, aka buga a 1997. Reacher tsohon manjo ne na 'yan sandan soja, dogo ƙaƙƙarfa, ba gida ba mata ba jaka, daga shi sai buroshin goge baki. Dalilin zaɓar masa wannan aiki a fili yake: wanda aikinsa kama horarrun sojoji ne, ai ɗan daban gari ba zai ba shi wahala ba. Da Tom Cruise ya fito a matsayinsa a 2012 da 2016, masoya littafin suka yi ta ƙorafi wai ya yi gajarta, har sai da Amazon ta kawo Alan Ritchson a 2022 hankalinsu ya kwanta. Littattafan suna da daɗin karatu, ban musa ba. Sai dai ka lura, Reacher ya tuɓe kaki tun kafin shafi na farko. Ba ya karɓar umarni, ba ya gadin kowa, ba wanda zai ce masa yi kaza ya yi. An cire masa ainihin abin da ya sa aikin yake da wuya.

Ranar da suka ɗauki kyamara da kansu

A daren 28 ga Afrilu, 2004, tashar CBS ta nuna wasu hotuna daga kurkukun Abu Guraib, kimanin kilomita 32 yamma da Bagadaza. Bayan kwana biyu Seymour Hersh ya fitar da nasa rahoton a mujallar The New Yorker. Ba sai na tsaya siffanta maka su dalla-dalla ba, duk wanda ya yi wayo a lokacin ya gan su a jarida ko a tauraron ɗan'adam: mutum a kan kwali an rufe masa kai da buhu, wayoyi a yatsunsa, fursunoni tsirara an tara su kamar buhunan hatsi, wata 'yar ƙaramar soja riƙe da igiyar da aka ɗaura a wuyan mutum. Ba darakta, ba ɗan jarida. Masu gadin ne da kansu suka ɗauka da ƙananan kyamarorinsu a ƙarshen 2003, kuma 'yan Kamfani na 372 na 'yan sandan soja ne.

Su wane ne su? Sojojin jiran ko-ta-kwana ne daga wani ɗan ƙaramin gari a jihar Maryland, masu sana'o'insu a gida, sai an buƙace su a kira su. Horon da aka ba kamfanin na hanya ne da rakiyar ayari, ba na riƙe kurkuku ba, ko da yake biyu daga cikin manyan masu laifin, Charles Graner da Ivan Frederick, gandirebobi ne a gida. Lynndie England, mai igiyar, ma'aikaciyar ofis ce mai cike takardu, tana zuwa sashen ne da dare wajen saurayinta Graner. Wani kwamitin bincike na gwamnatin Amurka ya ce a watan Oktoba na 2003 fursunoni sun kai 7,000, masu gadi kuwa wajen 90, ga ruwan rokoki daga waje. Kafin nan kuma, a ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, Manjo Janar Geoffrey Miller ya zo daga Guwantanamo ya ba da shawarar a riƙa amfani da masu gadi wajen shirya fursuna kafin masu tambaya su karɓe shi. Manjo Janar Antonio Taguba, wanda ya binciki lamarin, ya rubuta cewa wannan ba aikin ɗan sandan soja ba ne. A rahoton ƙungiyar Red Cross na Fabrairu 2004 kuwa, jami'an leƙen asirin sojan kawance da kansu sun ƙiyasta cewa kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na waɗanda aka tsare a Iraƙi bisa kuskure aka kama su.

Kada ka ɗauka wanke su nake yi. Wanda ya tara bayin Allah tsirara yana dariya ya san abin da yake yi, ba ya buƙatar lacca kan yarjejeniyar Janiba. Kuma a cikin wannan kamfanin dai aka samu Joseph Darby, wanda ya ga hotunan a faifan Sidi ya miƙa su ga masu bincike a Janairu 2004. An yi masa alkawarin ɓoye sunansa, sai ga Sakataren Tsaro Donald Rumsfeld ya ambace shi a gaban majalisa, duniya na kallo. Komawa garinsu da zama ta gagare shi.

Abin da nake so ka duba shi ne yadda hoton ya yanke hukunci. An hukunta sojoji 11, dukkansu ƙanana. Graner ya samu shekara 10, Frederick 8, England 3, Sabrina Harman wata 6. Birgediya Janar Janis Karpinski, shugabar birged ɗin, an rage mata girma zuwa kanar a 2005. Hafsa ɗaya tak aka gurfanar a kotun soja, Laftanar Kanar Steven Jordan, kuma an wanke shi daga laifin azabtarwa a 2007. Taguba da ya faɗi gaskiya, a farkon 2007 aka sa shi ya yi ritaya. Kusan a iya cewa wanda fuskarsa ta fito a hoto shi ya tafi gidan yari.

Wannan shi ne abin da Errol Morris ya bi diddigi a fim ɗinsa na gaskiya, Standard Operating Procedure, wanda ya ci kyauta ta biyu a bikin Balin na 2008. Ya zaunar da sojojin suna magana suna kallon kyamara ido da ido, ya riƙa tambayar abin da ke wajen hoton. Hoton igiyar nan, alal misali, ashe an datse shi: a na asali akwai wata soja, Megan Ambuhl, tsaye a gefe, kuma Graner ne ya ɗauka. Mafi tayar da hankali shi ne na Harman tana murmushi, ta ɗaga babban yatsa a kan wata gawa da aka lulluɓe da ƙanƙara. Gawar Manadel al-Jamadi ce, wanda ya mutu ranar 4 ga Nuwamba, 2003, a wani banɗaki na kurkukun, a hannun mai tambaya na hukumar CIA. Ba 'yan sandan soja ne ke yi masa tambayoyi ba. Harman ta sha ɗauri kan wasu laifuffukan, amma ba a ɗaure kowa kan ran al-Jamadi ba, kuma a 2012 ma'aikatar shari'ar Amurka ta rufe binciken. Ba don hoton murmushin nan ba, da wataƙila duniya ba ta san an yi mutumin ba. An soki Morris kan ya biya wasu daga cikin waɗanda ya yi hira da su, an kuma soke shi kan bai ba Iraƙawan da aka azabtar bakin magana ba. Suka ta biyun tana da ƙarfi, domin a yawancin waɗannan finafinai na Amurka fursunan baya ne kawai da buhu a ka.

Wanda ya ɗan gyara wannan shi ne Alex Gibney a Taxi to the Dark Side, da ya ci Oscar a 2008. Shi ya fara ne da wanda aka kashe: Dilawar, direban tasi ɗan Afganistan mai shekara 22, wanda ya mutu a sansanin Bagram ranar 10 ga Disamba, 2002, bayan kwana biyar a tsare, an rataye hannuwansa a sama, 'yan sandan soja na Kamfani na 377 suna ta dukan cinyoyinsa da gwiwa. Wannan kusan shekara guda ke nan kafin hotunan Abu Guraib, a wata ƙasa daban, da wasu sojoji daban, abin da ya raunana zancen cewa 'yan ɓata-gari kaɗan ne suka yi aika-aika da dare. A ɓangaren Musulmi kuwa, Turkawa sun fitar da Valley of the Wolves: Iraq a 2006, suka sake shirya fitowar kurkukun a ciki, Ba'amurke ya zama bos. Fim ne na huce haushi, kuma ya yi kasuwa sosai.

Bayan 2004 ko ɗan sandan soja irin na bincike ya canza kama. A In the Valley of Elah na 2007, Tommy Lee Jones tsohon ɗan sandan soja ne mai neman ɗansa da ya ɓace bayan dawowa daga Iraƙi, kuma 'yan guntayen bidiyon da ke cikin wayar yaron ne suka nuna masa abin da yaƙin ya mayar da ɗan nasa. A The Card Counter na Paul Schrader, 2021, Oscar Isaac ya fito a matsayin tsohon mai gadin Abu Guraib da ya yi shekara takwas a kurkukun soja, yayin da wanda ya koya masa azabtarwar, ɗan kwangila, yake yawonsa yana ba da lacca. Willem Dafoe ne ya fito a wannan matsayin, shi da ya yi jami'in bincike mai gaskiya a Saigon shekara 33 kafin nan.

Ga wata tambaya, mai karatu. Ka san sunan Lynndie England, ko aƙalla ka san fuskarta. Har mawaƙan Rolling Stones sun yi waƙa a kanta a 2005. To Leigh Ann Hester fa? Saje ce a Kamfani na 617 na 'yan sandan soja, manajar shagon takalma a gida. Ranar 20 ga Maris, 2005, kusa da Salman Pak a kudu da Bagadaza, mayaƙa kusan 50 suka yi wa ayarin motocin da ƙungiyarta ke rakiya kwanton ɓauna, ita da shugabanta suka shiga ramukan maharan da gurneti. Aka ba ta lambar Silver Star, mace ta farko da ta samu tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a lokacin da dokar Amurka ta hana mata shiga rundunonin gaba-da-gaba. Ba'iraƙen da ke kallon baƙin sojoji a kan titin ƙasarsa ba zai kira wannan jarumta ba, wannan daban. Amma rakiyar ayari a kan hanya ita ce aikin da akasarin 'yan sandan soja suka yi a Iraƙi, kuma a irin wannan aiki na waje da bariki ne Ingila ta rasa masu jar hularta shida rana guda, 24 ga Yuni, 2003, a wani ofishin 'yan sanda da ke garin Majar al-Kabir, inda suka je horar da 'yan sandan gari.

Su kuwa fursunonin da ke cikin hotunan, sun daɗe suna jira. Uku daga cikin tsofaffin 'yan Abu Guraib sun kai ƙarar kamfanin CACI, wanda ya ba sojan Amurka hayar masu tambaya, tun 2008. Sai a watan Nuwamba na 2024, bayan shekara 16 ana jan shari'ar, masu taya alƙali yanke hukunci a wata kotun tarayya da ke jihar Virginia suka ce kamfanin na da hannu, suka yanke a biya mutanen uku dala miliyan 42. Graner kuwa tun watan Agusta na 2011 aka sake shi, bayan ya yi shekara shida da rabi daga cikin goman.